Hoton Usaina a Ordinatar Mushe Magagi

Akwai wani dattijo a garin Filinge, ana ce masa Mushe Magagi. Mushe kuwa, haka ake kiran malamin boko a nan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, daga ƙauyukan Kurfai har Damana, ya ƙare yana darakta. Da suka yi ritaya, cikin abokansa wani ya sayi tumaki, wani ya koma gona. Shi kuwa ordinata, wato kwamfuta, ya sayo daga Yamai, da sikana mai kwafe hoton takarda ta sa shi cikin na'ura, da wani ɗan disk na waje don ajiya.

Matarsa Habsa ta tsaya ta ƙare wa kayan kallo. Ta ce, "Mushe, wanga abu ana tatsar shi?"

Ya ce, "Ki zuba ido dai."

To, gaskiya ta zuba ido, kuma ta gani. Kafin shekara ta zagayo, duk wanda wayarsa ta cika da hotuna, gidan Mushe yake nufa. Mai tsohon hoton takarda da ya fara dushewa, shi ma can. Ba sana'a ya mai da abin ba, sonsa yake yi kawai. Da hantsi ya yi, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗora ordinatar kan ɗan teburi, ya gyara tabarau, ya shiga aiki.

Kuma a ba shi haƙƙinsa, mutumin ya iya tsari. Kowane gida da dosiyensa, wato jakar hotunansa a cikin na'ura, cikin dosiyen kowace shekara da nata, cikin shekara kuma suna daban, aure daban, salla daban. Idan ka ce masa kana neman hoton ranar da ɗanka ya sauke Alƙur'ani, kafin ka gama gyara zama ya buɗe maka.

A fada, wurin shan shayi bayan la'asar, nan yake raba wa mutane shawarwari, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Kada ka yarda kile ɗin kowa, ɗan abin nan da ake kwaso hotuna a ciki, ya shiga na'urarka sai ka wanke shi da antibiris mai kashe cutar na'ura. Hoton da kake so, kada ka bar shi wuri ɗaya, ka yi masa kwafi a disk na waje. Wanda ya fi maimaitawa kuwa shi ne na kwandon shara, wato wurin da abin da aka goge yake taruwa cikin na'ura. Kowace Juma'a yake zubar da nasa, yana cewa ordinata ma tana son tsafta.

Shawarwarin nan masu kyau ne, ni ma wasu a wurinsa na koya. Inda gizo ke saƙa shi ne, Mushe Magagi bai yarda akwai wani a Filinge da ya san wani abu game da na'ura ban da shi ba. Shekara talatin yana tsaye gaban allo ana cewa "na'am, Mushe", to wannan hali ba ya barin mutum don ya yi ritaya.

Shekara shida da suka wuce, wata yayar Habsa ta zo daga ƙauye. Sunanta Hasana, ɗiyar wan mahaifin Habsa ce. Ta kwance bakin zane ta fito da hotuna biyu na takarda, duk sun yi ja don tsufa.

Hasana ƴar tagwaye ce. Ƴar uwarta Usaina ta rasu da jimawa, ta bar jaririya mai wata huɗu, Nasiba, wadda Hasana ta goya ta raina. Suna ƴanmata, wani mai ɗaukar hoto ya zo kasuwar Lahadi ya rataya labule, su biyun suka je da anko. Atamfa ɗaya, ɗaurin kallabi ɗaya, kujera ɗaya. Wannan ta zauna aka ɗauka, ta tashi, waccan ta zauna aka ɗauka. Tun da Usaina ta zo duniya har ta koma, wannan hoto kaɗai aka taɓa yi mata.

Mushe ya sa su a sikana, ya buɗe musu dosiye mai suna "Tagwayen Yaya Hasana". Ranar zauren cike yake da masu jira, sai ya bar hotunan da lambobin da na'ura ta ba su, bai tambayi wace ce wace ba. Ya mayar mata da takardunta yana cewa, "Yaya Hasana, ki kwantar da hankalinki. Abin da ya shiga nan ba ya mutuwa."

Damina biyu bayan haka, gara ta shiga akwatin Hasana ta cinye takardun tas. Ta yi baƙin ciki, amma ba sosai ba, tunda ta san suna wurin Mushe.

Bana ordinatar ta fara nauyi. Dalili a fili yake: mutane kan kawo hoto ɗaya sau uku sau huɗu, wanda aka tura musu, da wanda suka tura, da wanda aka sake turo musu. Sai Mushe ya samo wani lojisiyel, wato manhaja, da ke bin na'ura kaf, ya zaƙulo hotunan da suka maimaitu, ya bar ɗaya ya goge sauran. Murna a wurinsa ba a magana. Da la'asar ya tafi fada da labarin.

A fadar akwai Ibrah, mai gyaran waya a bakin tasha. Magidanci ne mai shekara arba'in da ɗoriya, bai yi lakwal ba, a Kwatano ya koyo sana'arsa. Ba shi da yawan magana. Da ya gama saurare sai ya ce, "Mushe, irin wanga lojisiyel ba wanda ya maimaitu kaɗai yake kamawa ba, har mai kama da juna. Ka dinga dubawa da idonka kahin ka danna."

Mushe ya sauke tabarau ya dube shi. Ya ce, "Ibrah, hotuna dubu tara zan bi ɗai-ɗai da ido? To mi ne amfanin na'urar? Kai dai ka tsaya ga canza gilashin waya. Abin da ke rubuce bisa allon nan da Faransanci yake, ba da Kwatananci ba."

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi don babba ya yi magana. Ibrah ya shanye shayinsa, ya yi sallama, kuma daga ranar bai sake zama a fadar ba. Ni dai abin bai yi mini daɗi ba, kuma na san ba ni kaɗai ba.

Washegari Mushe ya danna "zaɓi duka", ya danna "goge". Da ya ga yadda wuri ya samu, sai ya jona disk ɗin waje ya yi masa irin wannan wankan, don shi ba ya aiki rabi. Ya mayar da disk ɗin cikin aljihun teburi. Ranar Juma'a kuma, kamar kullum, ya zubar da kwandon shara. Ordinatar ta koma gudu kamar sabuwa, har ya zuba mata bidiyon bukukuwa biyu a makon.

Kwana goma bayan haka, saƙon murya ya shigo wayar Habsa. Hasana ce, muryarta cike da farin ciki. Nasiba ta haihu a Yamai, an samu ɗiya mace. Kuma ga abin da mai jego ta roƙa: a wanke mata hoton mahaifiyarta babba, a sa a gilashi, ta rataya a ɗakinta kafin ranar suna. Hasana za ta biyo ta Filinge ranar Alhamis ta karɓa, ta hau mota.

Mushe ya ce, "Wanga ai aikin minti biyu ne." Ya buɗe dosiyen tagwaye. Hoto ɗaya ne a ciki.

Ya rufe ya sake buɗewa. Ya jona disk ɗin waje, can ma ɗaya. Ya buɗe kwandon shara, ya same shi fes, yadda ya saba barinsa. Lojisiyel ɗin ya ga mace ɗaya, atamfa ɗaya, kujera ɗaya, labule ɗaya, ya yanke hukuncin cewa hoton maimaici ne. Ya bar ɗaya ya share ɗaya, kuma Mushe bai san wadda aka bari ba.

Habsa ta leƙo ta ga yadda yake zaune, ta ce, "Lahiya, Mushe?"

Ya faɗa mata. Ta zauna bakin tabarma.

Can ya rage murya ya ce, "Habsa, ai su kamarsu ɗaya. In na wanke wanga na ce Usaina ce, wa zai gane? Wataƙila ma ita ɗin ce."

Habsa ta ce, "Wataƙila. In kuma ba ita ba ce, Nasiba ta rataya hoton innarta tana yi mishi kuka da addu'a a matsayin uwa tata. Yarinyar da ba ta san huskar uwarta ba sai a nan. Mushe, ni ba ni cikin wagga magana."

Kunya ta kama shi, don ya san gaskiya ta faɗa. Ya ɗauki waya ya kira Hasana da kansa, ya yi mata barka, sannan ya gaya mata komai bai rage ba.

Sai ya ji ta ce, a hankali, "Mushe, ba kai kac ce mini abin da ya shiga nan ba ya mutuwa ba?"

Ya ce, "Ni na ce, Yaya."

Ta ce, "To. Allah shi sa a gani. Ba ni hwaɗa ma Nasiba komi tukuna."

Ranar Litinin ke nan. Mushe ya yi ta laluben na'ura, ya buɗe nan ya rufe can, babu. Da azahar Habsa ta ajiye masa fura ta ce, "Ka san wanda za ka tahi wurinshi."

Ya sani sarai. Daga gidansa zuwa bakin tasha ba nisa, amma ranar tafiyar ta yi masa tsawo. Ya tarar da Ibrah cikin rumfarsa, ya sunkuya kan wata waya da ɗan ƙarfen walda. Mushe ya yi sallama, ya tsaya a rana, ga mutane na jira.

Ya ce, "Ibrah, na zo da abu biyu. Na farko, maganar da na yi maka a fada ban kyauta ba, kuma kai ke da gaskiya. Ka yahe mini. Na biyu, na yi ɓarna."

Ibrah ya ajiye ƙarfen, ya jawo masa benci. Ya ce, "Shigo inuwa, Mushe. Waccan ta wuce. Mi anka goge?"

Da ya ji bayani, tambaya biyu kawai ya yi. Ko an zuba wani abu a ordinatar bayan gogewar? Mushe ya ce bidiyon bukukuwa. Ibrah ya girgiza kai. Disk ɗin waje fa? Mushe ya ce tun ranar yana aljihun teburi, sai yau da ya buɗe ya duba.

Ibrah ya ce, "To akwai sauran numfashi. In anka goge abu, ba ya ɓacewa nan take. Sunanshi ne ake cirewa, a ce wurin babu kowa. Sai an zuba sabon abu bisa wurin sannan ya tahi kwata-kwata. Kada ka ƙara sa ko hoto guda a disk ɗin nan."

Ya rufe rumfa da wuri, ya bi Mushe gida da kile ɗinsa. Kafin ya jona, ya miƙa wa Mushe yana murmushi, ya ce a wanke shi da antibiris tukuna, kada a karya dokar gida. Ya kunna wani lojisiyel na tono abin da aka goge, ya sa duk abin da ya fito ya tafi wani disk dabam da ya zo da shi. Aikin ya ci sauran yinin da safiyar Talata, har sau biyu kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa ana jira.

Abin da ya fito, hotuna dubu bakwai da ɗari uku. Ba suna, ba dosiye, ba shekara, sai lambobi a jere. Wasu lafiya lau, wasu rabinsu ya zama toka-toka.

Ibrah ya miƙe ya ce, "Iyakar tawa ke nan, Mushe. Saura ido."

Haka Mushe Magagi, wanda ya ce ba zai bi hotuna ɗai-ɗai ba, ya zauna yana binsu ɗai-ɗai. Habsa ta bar dakan ranar ta zauna gefensa, don ta fi shi gane fuskoki. Tun da ya sayi na'urar nan, ba ta taɓa zama gabanta ba sai wannan karo.

Abin mamaki, zaman ya yi musu daɗi. Ga hoton auren ƙanwarta, ga wani na Mushe da gashi cike da kai yana riƙe da alli, ta yi ta yi masa tsiya. Ga tsohon liman, ga rijiyar unguwa kafin a yi famfo. A hanya kuma suka yi ta cin karo da wasu da lojisiyel ɗin ya share bisa kuskure: ƴan aji biyu da aka jera a bakin bango ɗaya, da raguna biyu farare na wani maƙwabci, da jarirai cikin tawul iri ɗaya. Duk wanda suka gano, Mushe ya mayar da shi dosiyensa, ya rubuta masa suna cikakke, yana istigfari ƙasa-ƙasa.

Talata ta wuce ba su ga Usaina ba. Laraba da hantsi sun haura dubu biyar, idon Mushe ya yi ja yana ruwa. Ya ce, "Habsa, ina jin ta tahi."

Ta ce, "Saura dubu biyu. Danna."

Ana gab da kiran la'asar, labulen nan ya bayyana a allo, da kujerar, da atamfar. Daga gwiwa zuwa ƙasa hoton ya lalace, ya zama toka. Amma fuska da kallabi da hannuwa suna nan garau. Habsa ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdu lillahi."

Mushe ya jera shi kusa da wanda ya rage a dosiye. Hotuna biyu ne daban, wannan ba shakka, amma wace ce Usaina? Ya ƙara girman fuskokin, ya duba hanci, ya duba zanen kumatu. Habsa ma ta duba, ta ce ita tana ƙarama lokacin, ba za ta yi rantsuwa ba. Ibrah ya biyo bayan la'asar, shi ma ya kalla ya ɗaga kafaɗa. A wannan karon Mushe bai yi kirdado ba. Ya kai duka biyun aka wanke su manya.

Alhamis da safe Hasana ta iso da ƙullin kayanta, da ƙwaryar gero da kuka na mai jego. Aka gaisa, aka yi barka, ta sha ruwa. Sannan Mushe ya shimfiɗa hotunan biyu kan tabarma a gabanta, ya ce, "Yaya, ga su. Guda ya ɗan samu rauni ga ƙafa. Amma ni ban san wadda za a sa a gilashi ba."

Ko daƙiƙa ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki mai raunin, wanda aka tono. Ta ce, "Ga ta."

Mushe ya dubi Habsa, Habsa ta dube shi. Wato wanda ya so ya wanke tun farko, hoton Hasana ne.

Ya ce, "Yaya, don Allah da mi kika gane? Kwana guda muna dubawa."

Hasana ta aza hoton kan cinyarta, ta share shi da gefen mayafi ko da yake babu ƙura. Ta ce, "Dubi idona a wancan. Mai hoto ya ce a dubi na'ura, na dubi na'ura. Ita kuwa tsoro take ji, ta ce ba ta zama sai in na tsaya inda za ta gan ni. Sai na tsaya nan gehen labule ina yi mata gwalo don ta saki huska." Ta sa yatsa kusa da idon da ke hoton, wanda ya ɗan karkata hagu kaɗan. "Ba na'ura take kallo ba, Mushe. Ni take kallo."

Hawaye suka zubo mata, tana murmushi. Habsa ta juya ta shiga ciki wai za ta duba tukunya. Mushe ya cire tabarau ya daɗe yana goge su.

Kafin motar Yamai ta cika, an sa hoton a gilashi, an naɗe shi da zane biyu. Hasana ta ƙi yarda a ɗora shi saman mota tare da kaya. A ƙirjinta ta rungume shi har motar ta tashi.

Darasi: Na'ura kama take gani, ba ta san mutum ba. Abin da ba ka da irinsa biyu, kada ka bar ta ta yanke masa hukunci, ka duba da idonka, kuma ka tambayi mai shi sunan wanda ke ciki tun yana raye. Kada iliminka ya sa ka raina wanda ya ba ka shawara, domin ranar ɓarna wataƙila ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya ka zauna ka gyara, kada ka rufe da abin da ya yi kama da daidai. Ku tura wa duk wanda kuka san hotunan iyayensa na cikin waya ɗaya tak, ya je ya yi musu kwafi yau.